Yadda Ake Lissafin Nisan Tafiyar Jirgin Sama da Awannin da Za Ta Ci, Daga Maradi Zuwa Ƙasa Mai Nisa

Tambaya guda ce ke ta maimaituwa daga masu karatu, musamman ƴan kasuwar da ke zuwa saro kaya ƙasar Sin da Dubai, da masu niyyar Umara, da iyayen da ƴaƴansu ke shirin tafiya karatu waje: daga nan zuwa can kilomita nawa ne, kuma awa nawa mutum zai yi a hanya? Yawancin masu tambayar sun riga sun ga tikiti, ko an turo musu hotonsa ta WhatsApp, amma lambobin da ke jikinsa sun ɗaure musu kai, domin sai zuwa ya nuna awa 27, dawowa kuma ta nuna awa 12 da rabi, alhali hanya ɗaya ce aka bi. Lissafin ba shi da wahala idan aka bi shi daki-daki, kuma sharaɗinsa babba shi ne a mayar da kowane lokaci zuwa agogo ɗaya kafin a fara tarawa ko ɗebewa. Zan ɗauki tafiya daga Yamai zuwa Guangzhou ta ƙasar Sin a matsayin misali tun daga farko har ƙarshe, saboda tana da nisa, tana da canjin jirgi, kuma bambancin agogonta babba ne. Wanda ya iya lissafinta ba zai sha wahala da na Jidda ko na Dubai ba.

Abin da za ka tanada

Kana buƙatar waya mai intanet, da takarda da biro, da tikitinka ko takardar jadawalin da ofishin sayar da tikiti ya ba ka. Shafukan da za a yi amfani da su kyauta ne: Great Circle Mapper ko Google Maps domin auna nisa, Google Flights domin ganin jadawali, sai Flightradar24 ko FlightAware domin ganin abin da jirgi ya ci a zahiri a kwanakin baya. Ba za ka kashe kome ba sai ɗan kuɗin intanet. Ina ba da shawarar a yi lissafin a takarda ba da ka ba, domin kuskuren awa biyu kaɗai ya isa ya sa jirgi ya tashi ya bar mutum.

Mataki na 1: Tabbatar da filayen jirgin da kake nufi

Ba a auna nisa tsakanin ƙasa da ƙasa, ko gari da gari. Tsakanin fili da fili ake aunawa. Kowane filin jirgi yana da lamba mai harufa uku, kuma ita ce ake bugawa a tikiti da kuma takardar da ake ɗaura wa jaka. Filin Maradi MFQ ne, na Diori Hamani a Yamai NIM, na Malam Aminu Kano a Kano KAN. Na Sarki Abdul'aziz a Jidda JED, na Madina MED, na Bole a Adis Ababa ADD, babban filin Dubai DXB, na Baiyun a Guangzhou kuma CAN.

Mutumin Maradi yana da zaɓi biyu na inda zai hau jirgin da ke zuwa nesa: Yamai ko Kano. Ka tsayar da ɗaya tun yanzu, ko ka yi lissafin duka biyun a takarda dabam-dabam, domin nisansu da inda za ka ba ɗaya ba ne. Kano ta fi Yamai gabas da kusan kilomita 700, don haka duk tafiyar da ta nufi gabas ta fi gajarta daga can.

Gargaɗi: KAN da CAN harafi ɗaya ne ya raba su, ɗaya Kano ce, ɗaya Guangzhou. Ka karanta su sau biyu, a shafin aunawa da kuma a jikin takardar jakarka ranar tafiya. Sannan akwai garuruwan da ke da fili fiye da ɗaya: Istambul tana da IST da SAW, kuma tsakaninsu tafiya ce mai tsawo a mota, Faris tana da CDG da ORY, wanda aka ce masa za shi Dubai kuma yana iya samun kansa a DWC, ko ma a Sharja mai lamba SHJ. Idan lambar filin da ka sauka ta bambanta da ta filin da za ka sake tashi, to akwai tafiyar mota a tsakani, kuma mai yiwuwa sai da biza.

Mataki na 2: Auna nisan miƙe

Ka buɗe Great Circle Mapper, ka rubuta lambobin filayen biyu da ɗan layi a tsakaninsu, wato NIM-CAN, ka danna. Zai zana maka layi a taswira, ya rubuta nisan a ƙasa. Idan Google Maps ka fi sabawa da shi, ka ɗora yatsa a kan filin farko har alamar ja ta fito, ka zaɓi wurin auna nisa, sannan ka ja taswirar har zuwa fili na biyu. Kada ka yi amfani da wurin neman hanya, domin wannan titin mota yake aunawa.

Abin da za ka samu zai yi kusa da waɗannan: Yamai zuwa Guangzhou wajen kilomita 11,500, Yamai zuwa Jidda wajen 4,000, Kano zuwa Jidda wajen 3,400, Maradi zuwa Yamai wajen 535, alhali a titi ta Birnin Ƙonni da Dogon Dutsi da Dosso kilomita 660 ne ko kusa da haka.

Za ka ga layin ya ɗan lanƙwasa ya yi arewa maimakon ya tafi sak. Ba kuskure ba ne. Duniya a dunƙule take, taswira kuma a shimfiɗe, don haka gajeriyar hanya takan fito a karkace. Idan ka kife ƙwarya, ka ɗora zare daga wani gefenta zuwa wani ka ja shi ya miƙe, inda zaren ya kwanta nan ce hanya mafi kusa, kuma irinta jirgi yake nema.

Wanda yake son ya gwada da hannu yana iya yin haka idan garuruwan biyu suna kan layi ɗaya daga kudu zuwa arewa, domin kowane digiri ɗaya, wato ma'aunin da ake nuna matsayin wuri da shi a taswira, a wannan fuska kilomita 111 ne. Filin Yamai yana kan digiri 13.5 arewa, na CDG a Faris yana kan digiri 49, kuma kusan saitin juna suke. Bambancin digiri 35.5 ne, idan aka ninka da 111 sai a sami kimanin kilomita 3,940. Wannan dabara ba ta aiki ga tafiyar gabas ko yamma, saboda faɗin digiri yana raguwa duk yadda aka yi nesa da tsakiyar duniya, don haka a can sai a bar wa na'ura.

Gargaɗi: ka duba ma'aunin da aka rubuta kusa da lambar. Great Circle Mapper yakan fara nuna nisa da mil ne, sai ka canza shi zuwa kilomita. Mil iri biyu ne: na tudu, mai alamar mi, kilomita 1.609 ne, na matuƙan jirgi, mai alamar nm, kilomita 1.852. Wanda ya ga 7,100 ya ɗauka kilomita ne, ya rage wa tafiyarsa fiye da kilomita 4,000 ba tare da ya sani ba.

Mataki na 3: Raba tafiyar zango-zango

Nisan miƙe yana da amfani ne kawai idan akwai jirgin da zai ɗauke ka daga nan ya sauke ka can ba tsayawa, kuma daga Yamai ko Kano zuwa Sin sai an canza jirgi. Saboda haka ka koma shafin ka rubuta duk zangunan a jere. Ta Adis Ababa, NIM-ADD-CAN, zango na farko wajen kilomita 4,000 ne, na biyu wajen 8,000, jimilla 12,000. Ta Istambul, NIM-IST-CAN, na farko wajen 4,000, na biyu wajen 7,900. A nan hanyoyin biyu kusan kunnen doki suke a nisa, don haka abin da zai raba su shi ne tsawon jira da kuɗin tikiti.

Ba kullum ake samun haka ba. Mai zuwa Jidda daga Yamai, idan ya bi ta Kasablanka, ya fara yin arewa maso yamma ne alhali gabas ya nufa, kuma nisan tafiyarsa ya kusan ninkawa. Tikiti mai araha sau da yawa irin wannan zagaye ne a cikinsa. Ga saurayi mai ƙarfi ba wani abu ba ne, amma idan tsoho ko tsohuwa kake saya wa tikitin, ina roƙonka ka auna zangunan kafin ka biya.

Gargaɗi: wani jirgin yakan ratse ya sauka a wani gari ya sauke mutane ya ɗauki wasu, ba tare da lambarsa ta canza ba, kuma ba lallai a rubuta sunan garin da manyan harufa a tikiti ba. Irin wannan tsayawa tana ƙara awa ɗaya zuwa biyu. Ka tambayi mai sayar da tikitin kai tsaye: jirgin nan yana tsayawa a wani wuri kafin ya kai, ko ba ya tsayawa?

Mataki na 4: Mayar da kilomita zuwa awanni

Manyan jiragen fasinja suna tafiya a sama da gudun kilomita 800 zuwa 900 a awa, a tsayin kilomita 10 zuwa 12 daga ƙasa. Amma ba da wannan gudun suke tashi ba, ba kuma da shi suke sauka ba. Akwai turo jirgi baya daga inda ya tsaya, da tafiyarsa a hankali zuwa titin tashi, da jiran layi, da hawa sama, da saukowa a hankali. Lissafin da ya fi sauƙi shi ne ka raba nisan kowane zango da 800 idan bai wuce kilomita 5,000 ba, ko da 850 idan ya wuce, sannan ka ƙara rabin awa.

Yamai zuwa Adis Ababa: 4,000 a raba da 800, awa 5, da ƙarin rabin awa, awa 5 da rabi. Adis Ababa zuwa Guangzhou: 8,000 a raba da 850, awa 9 da minti 25, da ƙarin rabin awa, kusan awa 10. Zama cikin jirgi gaba ɗaya awa 15 da rabi ke nan. Kano zuwa Jidda ba tsayawa: 3,400 a raba da 800, awa 4 da kwata, da ƙari, awa 4 da minti 45. Ƙananan jirage masu farfela, irin waɗanda ake sa wa a hanyoyin cikin gida, gudunsu bai cika wuce kilomita 500 a awa ba, don haka Maradi zuwa Yamai a irinsu wajen awa ɗaya da rabi ne.

Amfanin wannan lamba shi ne ta zama maka ma'auni. Idan tikiti ya nuna abin da ya yi nesa da ita sosai, to ɗayan biyu ne: ko dai akwai tsayawar da ba a faɗa maka ba, ko kuwa bambancin agogo ne bai shiga lissafinka ba.

Gargaɗi: idan ka raba a na'urar lissafi ta ba ka 9.4, ba awa 9 da minti 40 ba ne. Abin da ke bayan ɗigo sai an ninka shi da 60, wato 0.4 sau 60, minti 24.

Mataki na 5: Ƙara abin da iska da zagaye ke ci

A can sama, musamman a sassan duniya da ke arewa da mu, akwai iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas, kuma tana ƙara ƙarfi a lokacin sanyi. Jirgin da ya nufi gabas tana tura shi, wanda ya nufi yamma tana tare shi. Shi ya sa dawowa daga Asiya takan fi zuwa tsawo da rabin awa zuwa awa ɗaya, wani lokaci har fiye, ko da jirgi ɗaya ne kuma hanya ɗaya.

Sai kuma zagaye. Jirgi ba ya bin layin da ka auna sak, yana bin hanyoyin da hukumomin sararin samaniya suka tsara ne, kuma yana kauce wa inda ake yaƙi. Layin da ya tashi daga Yamai ko Kano zuwa Jidda ta kan Cadi da Sudan yake ratsawa, kuma tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 jirage da yawa suka riƙa zagaye ƙasar ta arewa ko ta kudu, abin da ya tsawaita tafiyar mahajjata da masu Umara. Hanyar gane abin da ake ciki a yanzu ita ce ka rubuta lambar jirginka a Flightradar24 ko FlightAware, ka duba tafiyoyinsa na makon da ya wuce. Za ka ga hanyar da ya bi, da lokacin da ya tashi a zahiri, da lokacin da ya sauka. Idan kwana huɗu cikin bakwai ya makara da awa ɗaya, ka sa wannan awar cikin lissafinka tun daga gida.

Mataki na 6: Mayar da kowane lokaci zuwa agogon Nijar

Wannan shi ne matakin da ya fi kowane muhimmanci, kuma a nan ne mafi yawan mutane suke ruɗewa. Duk lokacin da aka rubuta a tikiti, agogon garin da aka ambata ne. Lokacin tashi daga Yamai agogon Nijar ne, lokacin sauka a Adis Ababa agogon Habasha ne, lokacin sauka a Guangzhou kuma agogon Sin. Ba a ɗebe ɗaya daga ɗaya sai an daidaita su.

Nijar da Najeriya agogonsu ɗaya, suna gaban GMT da awa ɗaya, kamar yadda masu sauraron rediyo suka saba ji. Saudiyya da Habasha da Turkiyya suna gabanmu da awa 2. Dubai tana gabanmu da awa 3. Sin gaba ɗayanta agogo ɗaya take bi, tana gabanmu da awa 7. Faransa agogonta ɗaya da namu a lokacin sanyi, amma daga Lahadin ƙarshe ta watan Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba tana gabanmu da awa ɗaya. Masar ma tana canza agogo: tazararta da mu awa ɗaya ce a sanyi, awa 2 a watannin zafi.

Ka ja layi ka raba takardarka gida uku: abin da ya faru, lokacin da ke tikiti, da lokacin Nijar. Lokutan da ke tafe misali ne na ƙirƙira domin koyarwa, ba jadawalin wani kamfani ba ne. A ce jirgi ya tashi daga Yamai ran Litinin ƙarfe 12:30 na rana. Tikiti ya ce zai sauka Adis Ababa ƙarfe 20:00. Ka ɗebe awa 2, ya zama 18:00 agogon Nijar, wato awa 5 da rabi a sama, daidai da abin da muka samu a mataki na 4. Jirgi na biyu zai tashi ƙarfe 00:30 na daren da zai wayi gari Talata. A agogonmu 22:30 ne na ranar Litinin, don haka jiran awa 4 da rabi ne. Zai sauka Guangzhou ran Talata ƙarfe 15:30. Ka ɗebe awa 7, ya zama 08:30 na safiyar Talata a Maradi, wato awa 10 a sama. Daga 12:30 na Litinin zuwa 08:30 na Talata awa 20 ne. Wanda bai daidaita agogo ba zai ƙirga daga 12:30 na Litinin zuwa 15:30 na Talata ya sami awa 27.

A dawowa abin juyewa yake yi. A ce tashi daga Guangzhou ran Juma'a ƙarfe 00:30, wanda a Maradi ƙarfe 17:30 ne na yammacin Alhamis. Sauka Adis Ababa ƙarfe 06:00, wato 04:00 a agogonmu, awa 10 da rabi ke nan. Sake tashi ƙarfe 09:30, wato 07:30. Sauka Yamai ƙarfe 13:00. A ido, daga 00:30 zuwa 13:00 awa 12 da rabi ne kawai, amma a gaskiya awa 19 da rabi mutum ya yi a hanya. Lambar da ke gida na uku ita ce za ka faɗa wa iyalinka, domin su san lokacin da za su fara sauraron kiranka, kada hankalinsu ya tashi a banza.

Gargaɗi: jirgin ƙarfe 00:30 na Juma'a, daren Alhamis ake zuwa filinsa. Wanda ya jira ya yi sallar Juma'a sannan ya nufi fili da dare ya makara da kwana guda cur, kuma kamfanoni da yawa suna soke sauran zangunan tikitin wanda bai zo ba. Ka kuma lura da alamar +1 kusa da lokacin sauka, ma'anarta washegari. Idan takardarka da AM da PM aka rubuta ta, 12:30 AM tsakar dare ne, 12:30 PM kuwa tsakar rana.

Gargaɗi na biyu, ga mai yada zango a Adis Ababa: mutanen Habasha a maganarsu ta yau da kullum daga ƙarfe shida na safe suke fara ƙirga awanni, ta yadda bakwai na safe a wurinsu ƙarfe ɗaya ne. Tikiti da allunan fili ba sa bin wannan ƙirga. Ka dogara da allo da wayarka, kuma ka tabbata wayar ta canza agogo da kanta bayan ka sauka, in ba ta canza ba ka gyara ta da hannu.

Mataki na 7: Auna jiran da ke tsakanin jirage biyu

Jira mai gajarta haɗari ne, mai tsawo kuma kuɗi ne. A babban fili, daga sauka zuwa ƙofar jirgi na biyu akwai tafiyar ƙafa mai nisa da sake binciken kaya, kuma yawanci ana rufe ƙofar shiga minti 15 zuwa 20 kafin tashi. Ni dai ba na ba kowa shawarar karɓar jiran da bai kai awa 2 ba, kuma ga wanda bai taɓa fita ba, ko mai tafiya da dattijo, awa 3 ya fi kwanciyar hankali. Daga watan Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da hazo ke rufe sama a Yamai da Kano, jirgin farko yana iya makara, don haka a ƙara tazara.

Ka tambaya ko zangunan duka a tikiti ɗaya suke. Idan ɗaya ne, jakarka za ta wuce kai tsaye, kuma idan makarar jirgin farko ce ta sa ka rasa na biyu, kamfani ne zai sa ka a wani. Idan tikiti biyu ne dabam aka haɗa maka domin araha, kai za ka karɓi jakarka ka sake aunawa, wanda sau da yawa yana buƙatar izinin shiga ƙasar, kuma idan jirgi na biyu ya tafi, asarar taka ce. Ga jira mai tsawo, wasu kamfanoni suna ba da masauki idan ya kai awa 8 ko 12 bisa sharuɗɗansu, amma sai ka sa an rubuta maka shi a takarda tun a ofis. In ba haka ba, ka sa kuɗin abinci da na ɗaki a kan kuɗin tikitin kafin ka ce ya fi araha, kuma ka tambayi nawa ake biya idan aka canza ranar tafiya.

Mataki na 8: Tara daga ƙofar gida zuwa masauki

Yanzu sai ka ƙara abin da tikiti bai rubuta ba. Daga Maradi zuwa Yamai a babbar motar fasinja wuni guda ne, awa 10 zuwa 12 gwargwadon halin titi da tsayawar bincike. Ba a haɗa wannan tafiya da tashin jirgi a rana ɗaya. A tafi da kwana ɗaya a gaba, a kwana a Yamai. Ta Ɗan Isa da Jibiya da Katsina zuwa Kano wajen kilomita 250 ne, ya fi kusa nesa ba kusa ba, amma akwai ƙetare iyaka da duba takardu, kuma ba a manta ba cewa iyakar ta kasance a rufe daga watan Agustan 2023 har zuwa Maris na 2024. Wanda zai tashi daga Kano ya bincika halin iyaka da na hanya a makon tafiyarsa, shi ma ya kwana a can.

Ka isa fili awa 3 kafin tashi, domin yawanci ana rufe awon kaya awa ɗaya kafin lokaci, kuma kafin nan akwai duba fasfo da biza da katin rigakafin shawara. Bayan sauka ka ƙara awa ɗaya zuwa biyu na jami'an shige da fice da jiran jaka, sannan tafiyar mota: filin Baiyun yana wajen kilomita 30 daga tsakiyar Guangzhou, filin Jidda kuma kusan kilomita 100 daga Makka.

A misalinmu, mutum ya bar tasha a Maradi ran Lahadi ƙarfe 05:00 na asuba, ya kwana a Yamai, ya tashi Litinin 12:30, ya sauka Talata 08:30 agogon Nijar, ya isa masaukinsa wajen 10:30, lokacin da can ƙarfe 17:30 ne na yamma. Awa 53 da rabi ke nan daga gida zuwa masauki, kuma 15 da rabi ne kaɗai a cikinsu ya yi a sama. Saboda haka ɗan kasuwar da ya bar Maradi ran Lahadi kada ya yi wa kowa alkawarin haɗuwa a kasuwa kafin safiyar Laraba.

Mai shan magani a kan lokaci, kamar na ciwon suga ko hawan jini, ya nuna wa likitansa wannan takarda kafin tafiya domin a tsara masa lokutan sha, kuma maganin ya kasance a jakar hannu. Mai zuwa Umara ta Jidda ya ɗaura haraminsa tun kafin hawa jirgin ƙarshe, ko ya ajiye shi kusa da shi, domin sanarwar miƙati tana iya zuwa gab da sauka, lokacin da wataƙila an riga an hana tashi daga kujera. Idan kuma an canza jadawali, wanda yakan faru, kamfani ta lambar waya ko adireshin imel da ke jikin tikitin zai sanar. Ka tabbata naka ne aka rubuta ba na ofishin da ya sayar maka ba, ka sake duba lokutan awa 24 kafin ka bar Maradi, kuma idan lokaci ɗaya ya motsa, ka sake cika gida na uku na takardarka tun daga sama.